BABI NA TARA: RUBUTUN GARGAƊI A FANNIN FASAHA, MISALI DAGA WALDAR ƊAKIN TAFI-DA-GIDANKA

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an tattauna a kan rubutun bayani, wato irin rubutun da ake yi domin a fahimtar da mai karatu yadda wani abu yake ko yadda ake yin sa. Wannan babi zai dubi wani reshe nasa da ake kira rubutun gargaɗi. Shi ne rubutun da ake gani a jikin kwalbar magani, da buhun maganin ƙwari, da bangon gidan mai, da ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Idan marubucin ƙagaggen labari ya yi kuskure, abin da za a rasa bai wuce armashi ba. Amma idan marubucin gargaɗi ya yi kuskure, ana iya rasa dukiya, ana iya rasa rai.

Misalin da za a yi amfani da shi shi ne yadda ake kauce wa gobara a lokacin da za a yi walda a jikin wani irin ɗaki mai taya da ake ja da mota. Da gangan aka zaɓi abin da ba a saba ganin sa a ƙasar Hausa ba. Dalili kuwa shi ne, malamin Hausa yakan sami kansa an miƙo masa takarda a kan abin da bai taɓa gani ba, a ce ya mayar da ita Hausa, tunda ai shi ne "malamin Hausa". A irin wannan hali, iya harshe kaɗai ba ya fitar da mutum kunya. Sai ya fara fahimtar abin da kansa, ya san inda haɗarin yake, sannan ya zaɓi kalmomin da za su nuna wa mai karatu wurin. Saboda haka kaso mafi tsoka na babin zai tafi ne a kan ita kanta waldar da gobarar, ana tafe ana tsokaci a kan harshe.

9.1 Abin da Ake Magana a Kai da Sunan da Ya Dace da Shi

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai al'adar mallakar ɗaki mai taya, wanda ba shi da inji, sai dai a maƙala shi a bayan mota a ja shi zuwa wurin hutu. A cikinsa akwai gado, da murhun gas, da firji, da makewayi, da tankin ruwa. A Amurka yawancin irin waɗannan ɗakuna ana ƙera su ne a garin Elkat da kewayensa, a Jihar Indiyana. Mutanen Ingila suna kiran sa da wata kalma da asalinta ta Farisa ce mai nufin ayari, mutanen Amurka kuwa suna kiran sa da kalmar da Hausa ta ara ta mayar "tirela".

A nan ne matsalar farko take. Duk Bahaushen da ya ji "tirela", abin da zai zo masa a rai shi ne doguwar motar ɗaukar siminti ko shanu. Kalmar ta riga ta zauna da wannan ma'ana, kuma ba a tayar da zaunanniyar kalma don a ba baƙuwa wuri. Abin da ya fi shi ne a koma ga harɗaɗɗen sunan nan "tafi-da-gidanka", wanda aka riga aka saba da shi a "wayar tafi-da-gidanka" da "kotun tafi-da-gidanka". Idan aka ce "ɗakin tafi-da-gidanka", an ma mayar da kalmar gidanta ne, domin a nan da gaske mutum yake tafiya da gidansa. Wannan suna za a riƙe har ƙarshen babin.

Yadda aka gina ɗakin shi ne tushen haɗarin. A can ƙasa akwai shasi na ƙarfe, wato dogayen ƙarafa biyu da wasu da suka gitta su, waɗanda suke haɗewa a gaba su yi tsini inda ake maƙala ɗakin a mota. A kan shasin kai tsaye aka shimfiɗa daɓen katako, yawanci irin mai falle-falle ko na ɓarɓashin itace da aka manne da gam. A cikin bango da ƙarƙashin daɓe ana cusa abin tare zafi da sanyi, wanda a ɗakuna da yawa farin soson roba ne, irin wanda ake samu a kwalin sabon talabijin. Daga ƙasa kuma akan rufe cikin da faifan roba ko wani yadi mai kama da leda. Tsakanin daɓen da wannan rufi ne aka bi da wayoyin lantarki, da wayoyin birki, da bututun gas, da tankunan ruwa na roba. Tukwanen gas da batir kuwa galibi a kan tsinin nan na gaba ake ɗora su.

Wuraren da suka fi tsagewa, har a nemi mai walda, su ne tsinin gaba, da inda sifirin ya kama shasi kusa da gatari, da ƙarfen baya, da matakalar ƙofa. Idan aka lura, kusan kowanne daga cikinsu bai wuce tsawon hannu daga katako ko roba ko gas ba.

9.2 Hanyoyin da Zafi Yake Bi

Ƙarfen shasi yana narkewa ne a kimanin digiri 1,500 na ma'aunin Salshiyas, kuma zafin da ke tsakanin sandar walda da ƙarfe ya ninka haka. Busasshen katako kuwa yana iya kamawa tun daga wajen digiri 300, soson roba kuma yana fara laushi a wajen digiri 100, wato zafin tafasar ruwa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma ita ce ke nuna cewa ba sai zafin waldar gaba ɗaya ya isa ga katako ba. Ɗan abin da ya rage bayan ya yi tafiya ya wadatar.

Hanyar da kowa ya sani ita ce tartsatsi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban shagon mai walda ya ga yadda yake fallatsa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne nisan da yake kaiwa, da kuma yadda ɗigon narkakken ƙarfe yake gangarawa ya shige rami ko tsaga. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta tanadi cewa a kawar da duk abin da wuta ke ci har tazarar ƙafa 35 daga inda ake walda, wato kimanin mita 11. Ƙungiyar NFPA, wadda aka kafa a 1896 domin tsara ƙa'idojin kare gobara, ita ma wannan tazara ta sa a ƙa'idarta mai lamba 51B. To, yawancin ɗakunan tafi-da-gidanka tsawonsu bai kai mita 11 ba. Ma'ana, ko ta ina aka tsaya ana walda, ɗakin gaba ɗayansa yana cikin da'irar haɗari, kuma ba shi yiwuwa a kawar da shi tunda shi ake gyarawa.

Marubucin Hausa ba zai tsaya ga "ƙafa 35" ba. Mai karatunsa yana iya ɗaukar ƙafa a matsayin taku, ko tsawon tafin ƙafarsa. Gara a ba shi mita 11, a ƙara masa da cewa kimanin taku goma sha biyar ne na babban mutum. Kuma tartsatsin injin goge ƙarfe, wanda ake amfani da shi kafin walda da bayanta, yana cikin lissafi. A watan Yuli na 2007, tartsatsin irin wannan inji, da wasu ke gyaran bututun ruwa da shi, ya tayar da gobarar daji da aka sani da suna Zaka a Jihar Kalifoniya, wadda ta cinye eka kusan 240,000. Don haka ba a ajiye ɗakin a kan busasshiyar ciyawa a yi masa walda. Siminti ko tsakuwa ko share-sharen ƙasa ake nema.

Hanya ta biyu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ido ba ya ganin ta. Zafi yana bin jikin ƙarfe kamar yadda yake bin ludayin ƙarfe da aka bari a tukunyar miya. Mai walda yana kwance a ƙasa yana ɗinke tsaga a gefen shasi, idonsa na kan ɗan wurin da ya yi ja, alhali saman wannan ƙarfen yana manne da katakon daɓe. Ƙarfe ba ya fara yin ja sai ya kusa digiri 500. Wato yana iya kasancewa baƙi ƙirin a ido, amma da zafin da ya isa ya mayar da katako gawayi. Gorar ruwa, wadda ake yin bangon wasu ɗakunan da ita, ta fi haka ruɗi, domin tana kai zafi nesa fiye da ƙarfe, kuma har ta narke a digiri 660 ba ta nuna wani ja da za a lura da shi da rana. Saboda haka a rubutun gargaɗi ba a cewa "a jira jan ƙarfen ya mutu". Mutuwar ja daban, hucewa daban. Aikatau ɗin da ake bukata shi ne "huce", kuma ya kamata a faɗi yadda za a gane an huce ɗin.

Hausa tana da kalmomi biyu da suka dace da wannan bayani ƙwarai, ba sai an yi aro ba. Akwai wutar kara, mai tashi bal-bal kowa ya gani. Akwai kuma wutar ƙaiƙayi, mai ci ta ƙasa a hankali, sama lafiya lau, sai an taka a gane. Gobarar walda a jikin ɗakin tafi-da-gidanka yawanci da wutar ƙaiƙayi take farawa. Katako ya yi baƙi a cikin ramin da ke ƙarƙashin daɓe, inda iska kaɗan ce, ya yi ta ci shiru. Mai walda ya naɗe wayarsa, an biya shi, an ja ɗaki an hau titi, iskar tafiya ta shiga ta hura, sai ta koma wutar kara. Irin wannan ne ya faru, a babban mizani, a filin jirgin sama na Dusaldof a Jamus ranar 11 ga Afrilu, 1996. Ana walda a wata hanyar mota da ke saman zauren matafiya, zafi da ɗigon ƙarfe suka sauka cikin rufin da aka cusa wa soson roba, ya yi ta ci a ɓoye na tsawon lokaci kafin ya bayyana. Mutum 17 suka rasu, kuma hayaƙi mai guba ne ya kashe su.

Matakan da ake ɗauka suna bin juna ne a kan fifiko. Idan abin da ya karye yana kwancuwa, kamar matakala ko ƙarfen baya, a kwance shi a kai shi nesa a yi waldar a can, ko kuma a duba ko ƙusa mai noti za ta iya maye gurbin waldar. Idan bai kwancuwa, a buɗe rufin ƙasa, a janye soso da wayoyi da bututu daga wurin, har mai walda ya ga bayan ƙarfen da idonsa. Abin da ya ƙi janyuwa a kare shi da bargon walda wanda wuta ba ta ci, ko faifan ƙarfe. Sannan a yi waldar guntu-guntu, ana dakatawa ƙarfen yana shan iska. Mai waldar da ya ce buɗe rufin ƙasa ɓata lokaci ne, "ai ɗan taɓawa kawai zan yi", a ganina ya riga ya ba mai ɗaki dalilin neman wani.

9.3 Gas da Matsalar Kalmar "Fanko"

Gas ɗin da ake amfani da shi a waɗannan ɗakuna shi ne furofen, ɗan'uwan wanda ake girki da shi a gidajenmu. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake, idan ya fito sai ya zama iska, ya kumbura kimanin ninki 270. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta a ƙasa ya taru a rami, wato daidai inda mai walda yake kwance. Yana kamawa idan yawansa a cikin iska ya kai kashi 2 zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari. Asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a ji idan yana yoyo.

Rufe kan tukunya bai wadatar ba, saboda akwai sauran gas a cikin bututun da ya bi ƙarƙashin ɗakin. Abin da ake yi shi ne a rufe tukunyar, a kunna murhu har harshen wutarsa ya mutu da kansa, a rufe murhun, sannan a kwance tukwanen gaba ɗaya a kai su can waje da tazarar nan ta mita 11, a ajiye su a tsaye a inuwa. A buɗe ƙofa da tagogi da akwatunan ajiya iska ta ratsa. A tuna kuma cewa firjin irin wannan ɗaki sau da yawa da gas yake aiki, yana da ɗan harshen wuta a bayansa, kuma yana iya ƙyasta kansa. Haka ma na'urar dafa ruwan wanka.

Kalmar da ke yaudara a nan ita ce "fanko", ko a ce "babu komai a ciki". A Hausar yau da kullum, fankon abu ba ya da haɗari. A fannin gas da fetur kuwa, tankin da aka juye ya fi cikakke saurin fashewa idan wuta ta taɓa shi, domin abin da ke cikinsa tururi ne gauraye da iska, kuma wannan gaurayen ne yake fashewa. Wasu ɗakunan suna da tankin fetur na janareto, kuma wannan hukunci ya hau kansa. Marubuci ba zai ce "a tabbata tankin fanko ne" ya yi shiru ba, don ya ba da izinin abin da ya kamata ya hana. Abin da zai ce shi ne, kada a yi walda a jikin tanki ko kusa da shi ko da an juye shi, sai an cire shi, ko ƙwararre ya wanke shi ya gwada. Wannan gargaɗi bai tsaya ga Amurka ba. Ya shafi mai waldar da ake kawo wa tankin babur ko tankar mai a garejojinmu.

Abubuwa biyu a gurguje. Ba a walda a jikin ƙarfen taya alhali robar tana kai, ko da an sace iskar, domin zafi yana sa robar ta fitar da gas daga ciki har ta fashe. Kuma ba a goge wurin walda da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafin walda yana iya mayar da shi iska mai guba da ake kira fosjin.

9.4 Lantarki da Harshen Damon Kalmar "Wuta"

Na taɓa ba ɗalibai aikin rubuta gargaɗi a kan wannan batu, sai fiye da rabinsu suka buɗe da jimla ɗaya: "A kashe wuta kafin a fara walda." Jimlar daidai take a nahawu. Amma wace wuta? A Hausa "wuta" tana nufin harshen wuta na murhu, tana nufin gobara, tana nufin lantarki, tana nufin fitila. Mukan ce an ɗauke wuta, wuta ta ja shi, wuta ta tashi a kasuwa, wutar motarsa ɗaya ta mutu. A hira, muhallin magana yana warware ma'anar ba tare da wahala ba. A ƙarƙashin ɗakin tafi-da-gidanka kuwa duk ma'anonin huɗu suna nan a lokaci guda, don haka muhalli ba ya warware komai. Mai karatu zai kashe fitilun ɗaki ya ɗauka ya cika umarni. Ƙa'idar da ɗalibi zai riƙe ita ce, a rubutun gargaɗi kada kalmar "wuta" ta tsaya ita kaɗai. A ce lantarki, ko harshen wuta, ko gobara, ko fitila.

Lantarkin ɗakin kansa ba ɗaya ba ne. Akwai mai ƙarfin bolt 120, wanda ake jonawa daga waje a Amurka. Akwai na batir mai bolt 12. Akwai wayar da ke haɗa ɗakin da motar da ke jan sa. A ɗakunan zamani akwai kuma faifan sola a kan rufi, wanda ke ci gaba da ba da lantarki muddin akwai rana, ko an cire batir. Kowanne sai an raba shi da ɗakin, kuma a kwance ɗakin daga jikin mota. Wajen cire batir, ana fara kwance kan da ke da alamar ɗebewa ne, domin idan sifana ta taɓa shasi a lokacin ba za ta yi tartsatsi ba. Batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa, na litiyom kuma ba ya jure zafi, don haka idan a tsinin gaba za a yi aiki, ɗauke shi ake yi gaba ɗaya.

Injin walda yana da waya biyu. Ɗaya tana riƙe da sandar walda, ɗayar kuma ana maƙala ta a jikin ƙarfe domin lantarki ya koma inji ta cikinta. Idan aka maƙala ta biyun nesa da wurin aiki, lantarkin zai nemi hanyarsa da kansa, kuma yana iya bi ta siririyar wayar birki ya ƙona ta a cikin rufi, ko ta boris ɗin taya ya lalata shi, ko ta bututun gas na ƙarfe. Saboda haka ana maƙala ta ne dab da inda ake walda, a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti da tsatsa.

9.5 Mai Fakon Gobara

Mai walda, da zarar ya sauke gilashinsa mai duhu, ba ya ganin komai sai ɗigon hasken da ke gabansa. Ba ya ganin hayaƙin da ke fitowa a bayansa, balle abin da ke faruwa a cikin ɗaki. Shi ya sa ƙa'idojin da aka ambata suka tanadi mutum na biyu wanda ba shi da wani aiki sai sa ido. Fassarar da ta fara zuwa a rai ita ce "mai gadin wuta", amma an riga an ga illar kalmar "wuta", kuma gadi ana yin sa ne don a kare abu daga ɓarna. "Mai fakon gobara" ya fi, domin fako shi ne zaman jiran abin da ake sa ran zai ɓullo don a cim masa.

Mai fako yana riƙe da tukunyar kashe gobara mai hoda, wadda aka rubuta wa haruffan A da B da C, wato mai kashe gobarar katako da ta mai da ta lantarki. Wadda ake sayar da ɗakin da ita sau da yawa ƙarama ce, kuma wasu B da C kawai gare su, ba a yi su don katako ba. Ya kamata a sami tiyon ruwa ko bokiti a kusa saboda katako da ciyawa, amma ba a watsa ruwa inda injin walda yake kunne. Mai fako yana shiga ɗakin yana fita, yana buɗe akwatunan da ke saman wurin waldar, yana shafa daɓe da bayan hannu, yana kuma aiki da hancinsa, domin ƙauri yakan riga hayaƙi fitowa. Idan gobara ta fi ƙarfin tukunya ɗaya, aikinsa ya koma fitar da mutane da kiran 'yan kwana-kwana. Ɗaki irin wannan, da katakonsa da robarsa, cikin 'yan mintoci yake ƙonewa.

Aikin mai fako ba ya ƙarewa da ƙarewar walda. Dokar OSHA ta ce ya zauna aƙalla rabin sa'a bayan an gama. NFPA kuwa, a bugun 2019 na ƙa'idarta, ta ɗaga lokacin zuwa sa'a guda. Kalmar "aƙalla" tana da nauyi a nan, kuma ɗalibai sun cika yar da ita wajen taƙaitawa. Bayan haka ne ake mayar da soso da rufi, a jona gas, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, a gwada na'urar jin hayaƙi da ta jin gas, a gwada birki. Ni dai da za a tambaye ni, ba zan bar kowa ya kwana a ɗakin a daren da aka yi masa walda ba.

9.6 Wa Ake Umarta?

Hausa tana da hanyoyi da dama na ba da umarni. Ana cewa "Cire batir!", ana cewa "Ka cire batir", ana kuma cewa "A cire batir". Ta ukun ita ce aka fi so a rubutu, saboda ladabinta, kuma da ita aka yi amfani a wurare da yawa a wannan babi. Sai dai tana da rauni guda, wato ba ta faɗin wanda zai yi aikin. A nan kuwa mutum biyu ne, kuma kowanne da abin da ya sani. Mai walda ya san ƙarfe da zafi, amma mai yiwuwa bai taɓa ganin cikin irin wannan ɗaki ba, ya saba da ƙofofi da tagogi da amalanken da babu katako a kansu. Mai ɗaki ya san inda firji da murhu da batir suke, amma bai san nisan da zafi ke kaiwa ba. Idan takarda ta ce "a cire tukwanen gas", kowannensu yana iya ɗauka ɗayan ya cire. Don haka a takardar da za a yi aiki da ita a wurin gyara, sai a fito da mai aikatawa fili: "Mai ɗaki ya kwance tukwanen gas. Mai walda ya duba da idonsa kafin ya kunna inji."

Haka kuma, jimlolin su bi tsarin aikin, na farko a farko. Jimla kamar "Mai walda ya fara aiki bayan mai ɗaki ya cire batir" daidai ce, amma mai karatu cikin gaggawa "fara aiki" zai fara gani. Gara a ce "Mai ɗaki ya cire batir tukuna, sannan mai walda ya fara aiki." Hani kuma ya zo da "kada" a farkon jimla, a bi shi da dalili a gajarce, domin babban mutum ya fi kiyaye hanin da ya san dalilinsa.

9.7 Jinga

1. Kawo jimloli huɗu da kalmar "wuta" ta zo a cikinsu da ma'anoni mabambanta, sannan ka sake rubuta kowace ba tare da harshen damo ba.

2. Wani ya fassara gargaɗi kamar haka: "In an gama walda, wuta ta mutu, a iya tafiya." Fito da kurakuran da ke cikin jimlar ta fuskar ma'ana, ka gyara ta.

3. Ziyarci wani mai walda a garinku, ka tattaro sunayen da yake kiran kayan aikinsa da su. Rarrabe na aro da na asali, ka nuna sauye-sauyen sauti da aka yi wa na aron.

4. Rubuta takardar gargaɗi da ba ta wuce jimla goma sha biyu ba, wadda za a ba mai shagon kwantena da aka lulluɓe cikinsa da katako, wanda zai kira mai walda ya gyara masa ƙofa. A kowace jimla a ga wanda aka umarta.